Ma'anar "scutum": garkuwar sojan Rum da yadda take tsufa

Scutum sunan Latin ne na doguwar garkuwar nan mai lanƙwasa da sojan ƙasa na daular Rum yake riƙewa. Masu kallon finafinai sukan ɗauka ta ƙarfe ce, alhali katako ne. Ana yanka siraran filaye a jera su hawa biyu ko uku, kowane hawa ya gitta na ƙarƙashinsa, a haɗa da manne na fatar bijimi. Sai a lulluɓe da zane da fatar maraƙi, a datse baki da ƙarfe ko tagulla don saran takobi. A tsakiya akwai cibiyar ƙarfe, umbo, mai kare hannun da ke riƙe da mariƙi. Garkuwar da aka tono a Fayyum ta Masar a 1900 tsawonta santimita 128 ne, kuma kwatankwacinta da masana suka ƙera ya kai kilo 10.

Wannan gittawar ita ce sirrin ƙarkonta. Mashi yana huda ta, amma tsagar ba ta bin katako har ƙasa. Yuliyus Kaisar, jagoran sojan Rum, ya rubuta cewa a yaƙin Dyrrhachium, a Albaniya ta yanzu, shekara 48 kafin haihuwar Annabi Isa, an ƙirga huji 120 a garkuwar wani hafsa mai suna Scaeva.

Abin da ya fi cinye ta kuwa ruwa ne. Manne yana saki, fata ta jiƙe, katako ya kumbura, idan ya bushe ya karkace. Shi ya sa ake ɗinka mata riga ta fatar akuya, ba a cirewa sai za a gwabza. A dajin Teutoburg na Jamus, shekara ta 9 miladiyya, ruwan sama ya jiƙa garkuwoyin Rumawa sharkaf har suka gagari amfani.

Gyara ya fi sauyi yawa: baki ya tsinke a sake bugawa, fata ta yage a yi faci. Soja yana da dalilin tattali, domin kuɗin makamin da aka sake masa daga albashinsa ake cirewa, kuma wanda ya yar da makami a fagen fama don tsoro hukuncinsa kan kai kisa. Katako da fata suna ruɓewa, shi ya sa cibiyoyi da guntayen baki aka fi tonowa. Garkuwar da aka tono a Dura-Europos a Siriya, ta ƙarni na 3, busasshiyar ƙasa ce ta adana ta har da fentinta, sai dai babu cibiyar.