Beyond a Reasonable Doubt na 2009: amsa ga masu yawan tambayata

Tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini a kan wannan fim, har bakina ya gaji. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Sabon labari ne?

A'a. Maimaici ne. Fritz Lang ya yi na asali a 1956, da Dana Andrews da Joan Fontaine, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe a Amurka. Peter Hyams ya sake yin sa a 2009.

Ba Michael Douglas ne jarumin ba?

Sunansa aka sa a gaba don a ja 'yan kallo. Jesse Metcalfe ne ke ɗauke da fim ɗin, a matsayin C.J. Nicholas, ɗan jaridar talabijin a Shreveport, jihar Luwiziyana. Douglas ya fito a Mark Hunter, babban mai gabatar da ƙara mai neman kujerar gwamna, kuma fitowarsa ba ta da yawa. Wanda ya shiga don Douglas zai fito da ƙishirwarsa.

Me sunan fim ɗin yake nufi?

Ƙa'idar shari'a ce: ba a hukunta mutum a kan babban laifi sai hujja ta toshe duk wata kafar shakka mai ma'ana. Kotunan Nijeriya ma da ita suke aiki.

To me ya sa masu sharhi suka yi masa kaca-kaca?

Sun ce kamanninsa na fim ɗin talabijin ne mai araha, sun ce Metcalfe bai kai nauyin matsayin ba, sun ce labarin cike yake da abin da hankali ba zai ɗauka ba. Duk na yarda. Amma ciwon yana can ƙasa, kuma shi nake so ku gane.

A fim ɗin Lang, wani mai gidan jarida da ke adawa da hukuncin kisa ne ya shawo kan saurayin 'yarsa, marubuci, ya dasa wa kansa alamun laifin kisa, don su nuna cewa kotu na iya kai marar laifi ga mutuwa a kan alamu kawai. Mai gabatar da ƙara a can yana da burin siyasa, amma bai ƙirƙiri hujja ba. Kowa ya yi aikinsa bisa doka, kuma duk da haka aka yanke hukuncin kisa. Abin tsoron ke nan. Hyams kuwa sai ya kawo mugu guda ɗaya, wato Hunter, mai dasa hujjar DNA ta ƙarya. Da an kama shi, shari'a ta wanke ke nan. Tambayar da ke hana mutum barci ta koma farautar azzalumi ɗaya, aka haɗa da tseren mota. Fim ɗin Lang minti 80 ne. Wannan ya fi shi da kusan minti 25, kuma abin da aka ƙara bai ƙara wa maganar komai ba.

Ai masu sharhi 'yan hassada ne, ba sa son komai.

Ku daina wannan maganar. Ba ta da amfani, kuma ba gaskiya ba ce. Sun yabi maimaicin 12 Angry Men da William Friedkin ya yi wa talabijin a 1997, shi ma fim ɗin shari'a ne, har George C. Scott ya ci kyautar Emmy da shi. Ba maimaici suka tsana ba. Aikin da aka yi suka auna.

Ni fa na kalla kuma na ji daɗinsa. Ban san fim ba ke nan?

Kwantar da hankalinka. Dabarar labarin, mutum ya jefa kansa a tarko sannan wanda ke riƙe da hujjar kuɓutar da shi ya mutu, tana da ƙarfin da ko an yi mata riƙon sakainar kashi za ta kama zuciya. Abin da ka ji na gaske ne. Sai dai ka san cewa tun 1956 dabarar take.

Wanne zan fara kallo, tsohon ko sabon?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsata ba ɗaya ba ce. Matsalar ita ce duka biyun suna da juyi a ƙarshe, kuma juyin kusan iri ɗaya ne. Ba zan faɗe shi ba. Duk wanda ka fara kallo ya cinye maka mamakin ɗayan, kuma mamaki sau ɗaya ake yin sa.

In ka saba da finafinai marasa kala, fara da na Lang, ba wata-wata. Can ne juyin yake da nauyi, domin yana sa ka koma ka sake auna duk abin da ka gaskata tun farko, har da tausayin da ka ji. Amma in kai mutum ne da barci ke ɗauka da zarar ya ga baƙi da fari, to ina ɗan ja da baya. Fim ɗin Lang busasshe ne, ba ado, 'yan wasan ma kamar an hana su nuna zuciya. Lokacin da ya fito ba kowa ya yi maraba da shi ba. Masu sharhi na Faransa ne suka ɗaga shi daga baya, musamman Jacques Rivette a mujallar Cahiers du cinéma a 1957. Mai yiwuwa ne ka gaji da shi a tsakiya, ka kashe, ka rasa duka biyun. Irin wannan mutum wataƙila gara ya fara da na 2009, ya san labarin, sannan ya je wa na Lang yana kallon yadda aka gina tarkon, ba yana jiran ƙarshe ba. Na ce wataƙila, domin akwai haɗarin sabon ya gundure ka har ka ƙi neman tsohon, kuma wannan ce asarar da na fi jin tsoro. In kuma lokacin fim ɗaya kawai kake da shi, ba sai ka yi dogon tunani ba: na 1956.

Abu ɗaya dai: kada ka karanta taƙaitaccen labarinsu a intanet kafin ka kalla. Yawancinsu suna fallasa ƙarshen.

Hyams bai iya aiki ba ne?

Ya iya. Shi ya yi Capricorn One da Outland, ya yi aiki da Douglas a The Star Chamber a 1983, ya kuma taɓa maimaita wani tsohon fim, Narrow Margin, a 1990 da Gene Hackman. A wannan shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne mai kula da ɗaukar hoto. A ganina, ya rasa wanda zai tsaya kusa da shi ya ce masa nan bai yi ba.

Ya yi kasuwa?

Bai yi ba. A gidajen kallo ƙalilan aka sake shi a Amurka cikin Satumba 2009, kuma bai daɗe a can ba.