Waiwaye: Gishiri da hawan jini, daga Framingham zuwa tukunyar Sakkwato

A Sakkwato ana ta muhawara kan yawan matasan da hawan jini ke kwantarwa. Wasu na cewa gado ne, wasu damuwa, wasu kuma dunƙulen miya. Maganar ta daɗe a hannun likitoci.

Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 ya nuna hawan jini da taba da kitsen jini na share wa ciwon zuciya hanya. A Chicago, Dakta Jeremiah Stamler, wanda aka haifa a 1919, ya fara da kaji: yana ba su abinci mai kitse, yana duba yadda jijiyoyinsu ke toshewa. Wannan sananne ne.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne INTERSALT, binciken alaƙar gishiri da hawan jini da aka fitar a 1988, wanda Stamler ya jagoranta tare da Geoffrey Rose na Landan. Mutum 10,079 aka auna a cibiyoyi 52 cikin ƙasashe 32. Ba a dogara da tambayar mutum abin da ya ci ba, don ba mai iya ƙiyasta gishirin miyar gidansu. Fitsarin awa 24 aka tara: a zubar da na farko, a tara duk wanda ya biyo baya a jarka har agogo ya zagayo, saboda kusan kashi 90 cikin ɗari na sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) da aka ci ta nan yake fita. Aka manta sau ɗaya, lissafi ya ɓaci. A zafi irin namu ma gumi na kwashe wani kaso, sai awo ya nuna ƙasa da gaskiya.

A wurare huɗu da ba a cin gishiri sosai, ciki har da ƙauyukan Luo a Kenya da 'yan Yanomami na Brazil, jini bai hawa da shekaru yadda aka saba gani. Ashe tsufa kaɗai ba ya kawo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa gishiri daban, dunƙule daban, ga yajin tsire, ga kanwa a wake da miyar kuɓewa da kunun mai jego, kuma kanwa ma sodiyam ce. Stamler ya rasu a 2022 yana da shekara 102.