Gasasshen ots: mene ne shi, kuma me ya raba shi da kunun Quaker?

Masu leƙa bidiyon girki a TikTok da Facebook sun sha ganin wani abin karin kumallo da ake cirowa daga obin, ya yi kama da kek amma da cokali ake cinsa. Shi ne gasasshen ots. Ya yi tashe a intanet wajen 2021, ga shi har ya iso kicin ɗin matan Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru.

Ots hatsi ne, ɗan uwan alkama da sha'ir, sai dai sanyi yake so, shi ya sa ba a ganinsa a gonakinmu. Kanada da Rasha ne kan gaba wajen nomansa. A kantunanmu an fi saninsa da Quaker, alhali wannan sunan kamfani ne na Amurka da aka kafa a 1901. Idan kika ga kwali an rubuta flocons d'avoine, shi ne dai, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Kafin ya iso gare mu an cire masa ƙaiƙayi, an turara shi, an kuma danne ƙwayar ta zama fale-fale. Turarin nan yana da dalili: ots ya fi yawancin hatsi maiƙo, in ba a turara shi ba sai ya yi saurin ɗaci. Kuma shi ne ya sa yake nuna da wuri.

Bambancinsa da kunun da muka saba a wurin dahuwa yake. Kunu a kan wuta ake dama shi, kina tsaye kina juyawa. Wannan kuwa kwaɓi ne: a haɗa, a zuba a faranti, a bar wa zafi sauran aikin, ke kuma ki je ki shirya yara.

Ga gida mai mutum biyar ko shida, kofi 2 na ots ya isa, da kofi 2 na madara, ƙwai 2, ayaba 3, ƙaramin cokali ɗaya na hodar kek, wadda ake sayarwa da sunan levure chimique, sai ɗan gishiri. Ayabar nan a nemi wadda ta nuna tiɓis, wadda ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi har mai talla ta fara rage mata kuɗi. Ita ce ke kawo zaƙi da laushi. A murje ta da cokali mai yatsu, a fasa ƙwai, a zuba madara, sannan ots. Daga nan a bar kwaɓin ya huta kamar minti 10. Wannan hutun shi mutane ke tsallakewa don gaggawa, sai a ci a ji ƙwayar tana tauri a haƙori. Ots yana da wani sinadari mai suna beta-gulukan da ke tsotse ruwa ya yi yauƙi, shi ke haɗe kwaɓin, kuma shi likitoci ke yabawa wajen rage kolesterol a jini.

Masu bidiyo sukan markaɗe komai a bilenda don ya fito sumul kamar kek, su zuba a 'yan ƙananan kofuna. A ganina wannan na mai zama shi kaɗai ne. Uwar gida mai yara huɗu faranti ɗaya babba za ta shafa wa mai, ta gasa a zafin digiri 180 na kusan rabin awa, ta yayyanka. Idan babu obin, ko an ɗauke wuta, dabarar masu kek ɗin biki tana nan: yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora bisa gawayi ya yi zafi, a sa farantin ciki, a rufe, a ɗora ɗan garwashi kan murfi. A soka wuƙa a tsakiya. In ta fito ba danshin kwaɓi, ya yi. Kada a sa ran zai tashi kamar burodi, don ots ba shi da danƙon alkama.

Inda nake da ja shi ne yadda ake tallarsa a matsayin abincin lafiya, sannan a cika shi da sukari da cakulan. Mu kuwa muna da abin da ya fi: dabinon Faya da ake kawowa daga arewacin Cadi, a cire ƙwallon a yayyanka, ko zumar Adamawa da Ngawundare ta yi suna da ita, ko cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Kindirmo ma yana maye gurbin madara, har ya fi sa shi laushi. Zuma dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Tsada kam akwai, tunda daga waje ake shigo da shi, ba zai ture kunun gyaɗa da ƙosai daga gidajenmu ba. Wadda ke son yi da dare don safe ta tuna akwai ƙwai da madara a ciki: a zafin Maris da Afrilu, in babu firji, a gasa daidai cin ranar.