Shin yawan wat yana nufin yawan turjiya?

An daɗe ana cewa kayan lantarkin da ya fi yawan wat (ma'aunin wutar da yake ci) shi ya fi turjiya, wai shi ya sa ya fi zafi. Ba abin mamaki ba ne a zaci haka, sai dai in volt ɗinsu ɗaya ne, wato ƙarfin da ke tura wutar, akasin haka ne gaskiya.

Turjiya ita ce yadda abu yake tare wa wuta hanya. In ta yi kaɗan, wutar sai ta kwarara da yawa, wat ya hau.

Ga yadda za ka gwada da kanka. Duba rubutun da ke jikin kayan. Raba wat da volt, ka sami amp, wato yawan wutar da ke kwarara. Raba volt da amp, ka sami turjiya a ma'auninta da ake kira ohm. Ƙwan fitila mai wat 60 a kan volt 240 yana jan amp 0.25, turjiyarsa ohm 960. Hita mai wat 2,400 kuwa amp 10 take ja, turjiyarta ohm 24 kacal. Shi ya sa siririyar waya takan ɗauki fitila lafiya lau, amma ta narke in an jona mata hita. Wannan ne ya fi damuna, domin ta nan gobara take tashi.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.