Balaguron ƙarshen mako zuwa biranen ƙananan gasannin besbol a Amurka

Balaguron besbol na ƙarshen mako wata al'adar yawon shaƙatawa ce a Amurka, inda ma'aurata ko iyali guda ke zaɓar wani matsakaicin birni mai ƙungiya a ƙananan gasannin besbol (wasan da ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani ya buge ta da gora), su kwana biyu ko uku a can. Da yamma suna filin wasa, da rana kuma suna zagaya gari. Ana yin sa ne daga ƙarshen Maris zuwa Satumba, lokacin kakar wasa. Abin da ke jan mutane shi ne sauƙin kuɗin tikiti, da kusancin kujeru da 'yan wasa, da kuma yadda aka gina yawancin sababbin filayen a tsakiyar gari, inda mutum zai taka da ƙafa daga otal.

Yadda gasannin suke

An kafa ƙungiyar da ta haɗa ƙananan gasannin wuri guda a 1901. A shekarun 1920 ne Branch Rickey na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya shimfiɗa tsarin da Amurkawa ke kira gona, wato babbar ƙungiya ta riƙe ƙananan ƙungiyoyi tana rainon matasa a cikinsu har su isa girbi. Ta wannan hanya Jackie Robinson ya bi, ya buga wa Montreal Royals a 1946 kafin ya karya shingen wariyar launin fata a Brooklyn Dodgers a 1947.

Tsarin da ake kai yanzu ya fara ne a 2021, bayan annobar korona ta sa an soke kakar 2020 ɗungurungum. Hukumar babbar gasa ta MLB ta karɓi ragama, ta rage ƙungiyoyin daga 160 zuwa 120. Kowace ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 tana da 'ya'ya huɗu, a matakai huɗu: Triple-A a sama, sai Double-A, sai High-A, sai Single-A. Ɗaya kacal ce ke wajen Amurka, wato Vancouver Canadians ta Kanada.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ga wani abu baƙo a nan. Ƙungiya ba ta hawa rukuni na sama don ta ci kofi, ba ta kuma faɗawa ƙasa don ta zo ta ƙarshe. Ɗan wasa ne ke hawa ko sauka. Babbar ƙungiya ita ke biyan albashin 'yan wasa da masu horarwa, kuma za ta iya buga waya da daddare ta ɗauke wanda ya fi kowa ƙoƙari, gari ya waye ba ya nan. Mai ƙaramar ƙungiya ba shi da ta cewa a kan haka. Abin da ke hannunsa shi ne tikiti da abinci da tallace-tallace da nishaɗi, don haka yammacin gaba ɗaya yake sayarwa. Daga nan ne duk wani abin ban dariya da ake gani a waɗannan filaye ya samo asali, kuma shi ya sa suka dace da iyalin da rabinsu ba su san dokokin wasan ba.

Jadawali da zaɓen lokaci

Ƙungiyar Triple-A tana buga wasa 150 a kaka, ta Double-A 138, sauran matakan biyu kuma 132, rabi a gida rabi a waje. Tun 2021 aka koma tsarin wasa shida a jere da abokiyar hamayya ɗaya, daga Talata zuwa Lahadi, Litinin a huta. Ga matafiyi ma'anar wannan a bayyane take: ƙungiya ko dai tana gida duk mako, ko kuma ba ta nan duk mako. Wanda ya kama ɗakin otal kafin ya duba jadawali yana iya isa ya tarar da ƙofa a garƙame. Akwai kuma hutun 'yan kwanaki a tsakiyar Yuli.

Ranakun mako suna da halinsu. Juma'a a filaye da dama daren wasan wuta ne bayan an tashi. Asabar ake yawan raba kyauta ga waɗanda suka riga shiga, kamar riga ko hula ko 'yar tsanar ɗan wasa mai kaɗa kai. Lahadi galibi da rana ake bugawa, bayan an gama a buɗe wa yara fili su zagaya a guje kusurwoyi huɗun da 'yan wasa ke bi don cin maki. Alhamis kuwa a wurare da yawa daren rangwamen giya ne, ya fi cika da ɗalibai da hayaniya, mai ƙananan yara gara ya kauce masa. Wasannin da ke kusa da 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, tikitinsu kan ƙare da wuri.

Yanayi ma abin lura ne. A Buffalo ko Toledo ko St. Paul, daren Afrilu sai da rigar sanyi da bargo. A Kudu kuwa, Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, ga hadarin la'asar da kan taso ba sallama. Idan ruwa ya sauko, ma'aikata kan ja wani ƙaton tampol su rufe tsakiyar fili a jira. In an ɗage wasan kafin a kai zagaye biyar, bisa al'ada ana musanya tikitin da na wata rana, kuma sau da yawa washegari a buga wasa biyu masu zagaye bakwai-bakwai maimakon tara. Wannan musanya ba ta da wani amfani ga wanda ya zo daga nesa don dare ɗaya, shi ya sa masu tsara irin wannan tafiya ke barin dare biyu.

Durham

Idan ana misalin birnin da ya gina yawon buɗe ido a kan ƙaramar ƙungiya, Durham ta jihar Karolina ta Arewa ake fara kawowa. An kafa ƙungiyar garin a 1902, kuma sunanta na yanzu, Bulls, yana da nasaba da wata tsohuwar tabar garin mai tambarin bijimi. Fim ɗin Bull Durham na 1988 ne ya kai sunanta duniya. A 1995 ta koma sabon filinta mai ɗaukar mutum 10,000, a 1998 kuma ta hau matakin Triple-A a ƙarƙashin Tampa Bay Rays.

Katangar hagu ta filin shuɗiya ce, tsayinta ƙafa 32. A samanta akwai ƙaton allon bijimi, wanda asalinsa kayan shirin fim ɗin ne aka mayar da shi al'ada. Duk lokacin da ɗan gida ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, sai idanun bijimin su yi ja, hayaƙi ya tuɗo daga hancinsa, jela na kaɗawa. An rubuta a jikinsa cewa ɗan wasan da ya doke shi da ƙwallo ya ci gasasshen nama, wanda ya doki ciyawar da ke ƙarƙashinsa kuma ya ci salak. Yara kan manta da wasan su zuba wa bijimin ido.

Tsallaken titi akwai tsoffin masana'antun taba na jan bulo, waɗanda aka gyara suka zama gidajen abinci da ofisoshi, ga ɗan rafin da aka haƙa yana ratsa tsakiya. Ma'aurata kan ci abinci a nan kafin wasa. Da safe ana zuwa lambun Sarah P. Duke da ke Jami'ar Duke, masu yara kuma su nufi gidan kimiyya na Museum of Life and Science. Tsohon filin da aka ɗauki fim ɗin yana nan har yanzu a arewacin tsakiyar gari. Jirgin ƙasa na Amtrak yana tsayawa a tsakiyar Durham, don haka mutum zai iya yin tafiyar ba tare da hayar mota ba, abin da ba kasafai ake samu a Kudancin Amurka ba.

Wasu biranen

Louisville ta jihar Kentaki tana da abu uku a kusa da juna. Filin ƙungiyar Bats, wanda aka buɗe a 2000, yana gabashin titin Main. A yammacin titin akwai masana'antar Louisville Slugger da gidan tarihinta, inda ake sassaƙa gorar bugun ƙwallo a gaban baƙi, kuma a ƙofa an jingina wata gora mai tsayin ƙafa 120. A tsakaninsu, kusa da kogin Ohio, akwai Cibiyar Muhammad Ali da aka buɗe a 2005, don a garin aka haifi ɗan damben. Duk wanda ya zagaya masana'antar ana ba shi 'yar ƙaramar gora tsaraba. Ba a barin shiga jirgin sama da ita a jakar hannu, sai a cikin akwatin da aka auna, kuma baƙi da yawa a filin jirgi suke sanin haka.

Memphis da Birmingham sun fi dacewa da ma'aurata ko iyali masu manyan yara, saboda nauyin tarihinsu. Daga filin Redbirds a Memphis ana takawa zuwa titin Beale mai kaɗe-kaɗe, da gidan tarihin fafutukar 'yancin baƙaƙe da ke otal ɗin Lorraine, inda aka harbe Martin Luther King a 1968. A Birmingham ta Alabama akwai Rickwood Field na 1910, filin ƙwararrun besbol mafi tsufa a ƙasar, inda Willie Mays ya buga wasa yana matashi a gasar baƙaƙe. Ƙungiyar garin, Barons, ita ce Michael Jordan ya buga wa a 1994 lokacin da ya ajiye ƙwallon kwando na ɗan lokaci.

A Ohio, Dayton Dragons ta fara wasa a 2000, kuma a 2011 ta kafa tarihin sayar da dukkan tikitin gida sau 815 a jere, ta doke tarihin ƙungiyar kwando ta Portland. A nan ba a dogara da sayen tikiti a bakin ƙofa. Kusa da garin akwai gidan tarihin sojojin saman Amurka, shiga kyauta. Toledo tana da Mud Hens da gidan namun daji da gidan zane-zane. Buffalo kuwa tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota zuwa magangarar ruwa ta Niagara. Filin Brooklyn Cyclones yana bakin teku a Coney Island, ana kallon wasa ana jin ihun masu hawa lilo.

A cikin fili

Wasan dare kan fara ne tsakanin shida da rabi da bakwai. Tun da aka tsaurara dokar agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci a 2022, wasa ya ragu zuwa kimanin awa biyu da rabi, sai babbar gasa ma ta ɗauki dokar a 2023. Tsakanin zagaye da zagaye ba a barin fili shiru: ko a fito da yara su yi tseren buhu, ko a sa mutum ya juya a kan gora har jiri ya kwashe shi sannan a ce ya ruga, ko dodon ƙungiya, wato mai sanye da kayan siffar dabba ko wata halitta, ya hau rufin rumfar 'yan wasa yana rawa. A St. Paul alade ne ke kai wa alƙalin wasa ƙwallaye. A tsakiyar zagaye na bakwai kowa kan miƙe tsaye a rera waƙa tare.

Wurin zama ya danganta da wanda aka zo da shi. Filaye da yawa suna da gangaren ciyawa a bayan katanga, tikitinsa ya fi araha, a shimfiɗa bargo yara su yi ta birgima. Mai son ganin wasan da kyau ya zauna bayan mai bugu, inda raga ke kare shi. Batun raga ba wasa ba ne: ƙwallon besbol tauri gare ta kamar dutse, kuma takan kauce ta faɗa cikin 'yan kallo da gudu. Wanda ya cafe ta, tasa ce, al'ada kuma ita ce babba ya miƙa wa yaron da ke kusa. Mai son sa hannun 'yan wasa ya shigo da zarar an buɗe ƙofa, ya tsaya bakin dogayen kujerun da ke kusa da rumfarsu da biro a hannu. Wani lokacin a yi gam da katar, a tarar da tauraron babbar gasa da aka turo ya buga 'yan wasanni don ya murmure daga rauni.

Abincin fili gyaɗa ne da gugguru da askirim da burodin da aka cusa wa nama, wanda ake kira hot dog. Musulmi sai ya tambaya, domin wani naman shanu ne zalla, wani kuma da alade a ciki, kuma gasasshen naman da Karolina ta Arewa ke alfahari da shi na alade ne. Da bazara magariba kan faɗa a tsakiyar wasa, wasu filayen kuma ba sa barin wanda ya fita ya dawo da tikiti ɗaya. Da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, tikiti kuma a waya yake, ga ƙa'idar girman jaka da ake dubawa a ƙofa.

Sauye-sauye

Ƙananan ƙungiyoyi ba su da zama daram. Pawtucket Red Sox, wadda ta buga wasan da ya fi kowane tsawo a tarihin ƙwararru, zagaye 33 da Rochester a 1981, ta tattara ta koma Worcester a 2021. Wasu daga cikin garuruwan da aka cire a garambawul na wannan shekara sun koma gasanni masu zaman kansu ko na ɗaliban jami'a, waɗanda kakarsu ta fi gajarta, galibi daga Mayu ko Yuni take farawa. Tsohon littafin jagoran tafiya kan nuna ƙungiya a garin da ta bari tuntuni, sunayen filaye ma kan canja duk lokacin da wani kamfani ya sayi damar saka sunansa.