Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Fitar da Waƙa, Saɓanin Lokaci da Filogin a Situdiyo

Da yawa daga cikin masu haɗa kiɗa a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos suna aiki ne da FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wasu kuma da Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus. Idan aiki ya cije, abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa manhaja laifi, a goge ta a sake sakawa, alhali sau da yawa matsalar tana cikin wasu 'yan lambobi ne da ba su yi daidai da juna ba.

Me ya sa waƙa take daɗi a cikin manhaja, amma da an fitar da ita sai ta canza?

A fara da duba abin da bai kai ya kawo ba. A FL Studio, idan an bar zaɓin fitarwa a kan Pattern maimakon Full song, guntun kiɗa ɗaya ne kawai zai fito, haka nan idan an manta da wata tasha (layin murya ko na wani kayan kiɗa) a kashe a cikin mikisa, inda ake haɗa sautuka, ba za ta shiga fayil ɗin ba. Idan kuwa ƙarshen waƙar ne yake yankewa kwatsam kafin amsa-kuwwar murya ta gama dusashewa, sai a sauya zaɓin wutsiyar waƙa zuwa Leave remainder.

Babbar matsalar ita ce ta ƙarfin sauti. A cikin manhaja ana lissafin sauti ne da tsarin da ke ba shi damar haura 0 dB, wato iyakar ma'aunin ƙarfin sauti, ba tare da ya fashe ba, amma da zarar an rubuta shi a fayil na bit 16 ko 24, ko an mayar da shi MP3, duk abin da ya haura wannan iyaka datse shi ake yi, kuma wannan datsewar ce kunne ke ji a matsayin kaushi a kan ganga da murya. Maganinsa shi ne a rage ƙarfin tashoshi, a sa limita, mai hana sauti haura iyaka, a tashar masta inda duk tashoshi ke haɗuwa, a tsayar da ƙololuwarta a -1 dB. Tseren ƙara ma ba shi da wata riba a yanzu, tun da Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), wanda ke nufin waƙar da aka matse fiye da kima rage ta za a yi, kaushin kuma ya zauna.

Mawaƙi yana jin muryarsa ta makara a cikin hedifon lokacin ɗauka. Ina gyaran yake?

Gyaran yana wajen bafa, wato adadin gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Kwamfuta tana yanka sauti gutsi-gutsi, samfur 44,100 a kowace daƙiƙa idan ana aiki a kan 44.1 kHz, sannan ta riƙa sarrafa su rukuni-rukuni. Abin ya yi kama da jido da bokiti: ƙaramin bokiti yana kawo ruwa da wuri amma zirga-zirgar ta yi yawa, babba kuwa yana hutar da mai ɗiba amma sai an jira ya cika. Bafa mai samfur 128 tana jawo jinkirin kusan milisakan 3, mai 512 kusan 12, mai 2048 kuwa kusan 46, kuma sautin makirufo yana biyan wannan jinkiri sau biyu, wajen shiga da wajen fita. Saboda haka a sauke bafa zuwa 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya, a ɗaga ta zuwa 1024 lokacin haɗa sauti.

A Windows wajibi ne a zaɓi direban ASIO (manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti ba tare da jinkiri mai yawa ba) na ainihin na'urar sautin da aka jona, wanda kamfaninta ya fitar. ASIO4ALL na wanda ba shi da irin wannan na'ura ne. Hedifon na Bluetooth bai dace da ɗaukar murya ba ko kaɗan. Sannan akwai filogin (ƙananan manhajojin da ake jona wa babbar manhaja) da ke buƙatar leƙa sauti kafin su sarrafa shi, irin su limita da wasu nau'o'in ikwalaiza, kuma manhaja takan jinkirta sauran tashoshi domin su jira su, don haka a kashe duk abin da ke tashar masta har sai an gama ɗauka. Idan na'urar sautin tana da maɓallin jin murya kai tsaye, a kunna shi, sai dai mawaƙin da ya saba jin Auto-Tune, filogin gyaran karin murya, a kunnensa ba zai ji shi ta wannan hanya ba.

An aika kiɗa wani situdiyo, murya ta dawo amma ta ƙi hawa kan kiɗan. Laifin wa?

Yawanci laifin MP3 ne. Tsarin MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, wanda ya kan haura samfur 1,000, wato wajen milisakan 25, kuma ba kowace manhaja ce ke cire shi ba. Mawaƙi ya yi waƙarsa daidai a kan kiɗan da ya riga ya gusa, sai mai haɗawa ya ɗora muryar a kan asalin kiɗan, ya ji kamar tana jan ƙafa. A ra'ayina MP3 na sauraro ne kawai, duk fayil ɗin da za a sake yin aiki a kansa a aika shi a WAV mai bit 24. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin takarda (Document), domin ya isa yadda yake.

Akwai bambanci tsakanin saɓanin da yake tsaye da wanda yake ƙaruwa, kuma gane wannan bambanci ne ke nuna inda cutar take. Idan tazarar da ke tsakanin murya da kiɗa iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, to wurin farawa ne ya saɓa, kuma jan muryar kaɗan zai gyara. Domin kauce wa haka, kowace tasha a fitar da ita daga farkon waƙa, ko da muryar sai a minti na biyu za ta shigo, a bar shirun a ciki. Idan kuwa tazarar tana faɗaɗa yayin da waƙa ke tafiya, to ko saurin kiɗan ne bai zo ɗaya ba a situdiyoyin biyu, ko kuma adadin samfur ne ya bambanta. Fayil ɗin da aka ɗauka a 44.1 kHz, idan aka karanta shi a matsayin 48 kHz ba tare da an juya shi ba, zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, muryar kuma ta ƙara tsini. Wannan ya shafi masu yi wa finafinai waƙa musamman, domin aikin bidiyo a kan 48 kHz yake tafiya, 44.1 kHz kuwa gadon faifan CD ne. A rubuta saurin kiɗa da adadin samfur a jikin sunan fayil, a huta da kiran waya.

An saka filogin amma manhaja ba ta ganinsa. Me za a duba?

A duba nau'insa da wurin da ya sauka. Steinberg ne ya fito da tsarin filogin na VST a 1996, ya kuma daina ba da lasisin VST2 a 2018, shi ya sa sababbin filogin da dama a VST3 suke zuwa. VST3 yana da mazauni ɗaya a Windows, cikin Common Files, shi kuwa VST2 yana iya sauka ko'ina, sai an nuna wa manhaja wurin an sa ta sake bincike. Tsofaffin filogin masu bit 32 ba sa aiki a Cubase tun daga Cubase 9 ta 2016, kodayake FL Studio tana iya buɗe su a Windows ta wata gada. A kwamfutocin Apple masu M1 da na bayansu, tsohon filogin yakan buƙaci Rosetta, manhajar Apple da ke sa tsofaffin manhajoji su yi aiki a kansu.

Me ke sa manhaja ta mutu ana cikin fitarwa, ko a ji shiru a tsakiyar waƙa?

Shirun da ke zuwa lokaci-lokaci, ko wani huci da ke shigowa ya fita, alama ce ta filogin na gwaji da ba a yi wa rajista ba. Kontakt Player, filogin kunna sautukan kayan kiɗa, alal misali, yana dakatar da sauti bayan minti 15 idan aka ɗora masa tarin sautukan da ba na shi ba. Filogin da aka fasa domin amfani da su ba lasisi kuwa ba su da tabbas, kuma babu wanda za a kai wa ƙara idan sun ɓata aikin mutane.

Idan manhajar tana mutuwa a wuri guda kullum, a ga abin da ke shigowa a daidai wannan wurin. In ba a gane ba, a adana kwafin aikin, a kashe rabin filogin a gwada fitarwa, a ci gaba da raba rabin da ke da matsalar har a kama mai laifin, sannan a mayar da tasharsa sauti tsantsa a cire shi.

Idan aka ɗauke wuta sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf. Zai shiga cikin waƙar?

Laftof yakan rage ƙarfin aikinsa idan ya koma kan batir, sai ya kasa cika bafa a kan lokaci. Wannan ƙarar ba ta cika shiga fayil ɗin da aka fitar ba, saboda wajen fitarwa kwamfuta tana lissafi ne da saurin da za ta iya, ba ta tsere da agogo. Amma idan ta faru ana tsaka da ɗaukar murya, ta riga ta shiga cikin ɗaukar, kuma sake rera wannan baitin ya fi ƙoƙarin goge ta sauƙi. A sauya tsarin wutar Windows zuwa mafi ƙarfi, a ɗaga bafa zuwa 512, a saurari baitin kafin mawaƙi ya bar ɗakin ɗauka.