Alamomin Kumburi a Jini da Hasashen Makomar Sankarar Bayan Hanci

Alamomin kumburi a jini lambobi ne da likita ke samu daga gwajin jini na yau da kullum, waɗanda ke nuna yadda garkuwar jiki ta harzuƙa saboda wata cuta. Kumburin da ake nufi a nan shi ne martanin da jiki ke mayarwa daga ciki, ko da ba a ga wani wuri ya tashi ba. Tun a 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin tsiron sankara, ya kuma danganta ciwon da kumburin da ya daɗe.

Sankarar bayan hanci tana tsirowa ne can inda hanci ya haɗu da saman maƙogwaro, wurin da ido ba ya kaiwa sai da na'ura, shi ya sa da yawa daga cikin masu ita ba sa zuwa asibiti sai ƙullutu ya fito a wuya, ko kunne ɗaya ya toshe, ko haɓo ya yawaita. Ta fi yawa a kudancin Sin, musamman lardin Guangdong da Hong Kong, sai kudu maso gabashin Asiya da arewacin Afirka, kuma tana da alaƙa mai ƙarfi da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Idan ta yi nisa, akan haɗa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da maganin sankara irin su cisplatin.

Alamar da aka fi ambata ita ce NLR, wato adadin ƙwayoyin nutirofil idan aka raba shi da adadin ƙwayoyin limfosayit, waɗanda dukansu nau'o'in fararen ƙwayoyin jini ne. Majinyacin da takardar gwajinsa ta nuna nutirofil 6,000 da limfosayit 1,500 a kowace maikirolita ta jini, NLR ɗinsa 4 ke nan. Ma'anar lissafin ita ce, nutirofil idan sun yi yawa sukan saki sinadaran da ke taimaka wa tsiro ya samar da sababbin jijiyoyin jini ya kuma bazu, alhali limfosayit su ne ke farautar ƙwayoyin sankara su kashe. To idan na farko suka hau, na biyu suka ragu, an fahimci cewa ciwon ne ke da rinjaye. Akwai kuma PLR, mai kwatanta adadin ƙwayoyin daskarar da jini da na limfosayit, da furotin CRP wanda hanta ke fitarwa lokacin kumburi, da albumin, wani furotin na cikin jini, wanda kan sauka idan jiki ya jigata.

Bincike da dama, akasarinsu daga asibitocin Sin, sun nuna cewa majinyatan da NLR ɗinsu ya yi sama kafin fara magani sun fi fuskantar dawowar ciwon ko bazuwarsa zuwa ƙashi da huhu da hanta. Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne arha, domin babu wani sabon gwaji da za a biya.

Sai dai lambar tana da rauni, kuma a ganina bai kamata a ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Ciwon haƙori mai ruɓa, ko wata cutar bakteriya, ko shan magungunan sitiroid, duk suna iya ɗaga nutirofil ba tare da sankarar ta motsa ba. Masu binciken ma ba su daidaita kan iyaka guda da za a ce daga nan lamba ta yi yawa ba. Bugu da ƙari, mutanen yammacin Afirka da yawa suna da ƙarancin nutirofil na gado alhali lafiyarsu ƙalau, don haka iyakar da aka fitar daga majinyatan birnin Guangzhou na Sin ba lallai ta dace da majinyaci a Kano ko Zinder ba. Likitoci sun fi dogara da matakin da ciwon ya kai, da kuma yawan ƙwayoyin halittar Epstein-Barr a ruwan jini, sannan su duba NLR a matsayin ƙarin haske wajen yanke shawarar wanda ke buƙatar a riƙa bibiyarsa kusa-kusa bayan an gama gashi.